Kaskar da Na Ɓoye wa Likita

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa gare ka mai sunan Baba, daga wadda kake ce wa Yaya. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ko da ban taɓa yi maka ita baki da baki ba. Allah Ya tsare hanyarka, Ya tsare jikinka, Ya sa ka tafi da ƙafarka ka dawo da ƙafarka.

Kada ka yi dariyar rubutuna. A aji huɗu na tsaya, ka sani. Na rubuta ne saboda ɗaki ɗaya muke kwana amma ba na iya ɗaga ido in yi maka doguwar magana, kai ɗan fari ne, haka aka tashe mu. In na buɗe baki sai in ce maka ga tuwo can, shi ke nan. To wannan maganar ta fi ƙarfin ga tuwo can.

Baffanka Ilu, ƙanin babanku, ya ce ranar Asabar tirela za ta tashi daga kara, kasuwar dabbobin nan, ta nufi Arewa, kuma da kai za a tafi, ka fara rakiyar shanu. Ku loda a can, ka hau saman mota ka zauna da su har Legas, wadda ta faɗi ka tashe ta. Ya ce aikin maza ne, ya ce gadon ubanka ne. To ni gadon nan nake tsoro. Lokacin da babanku ya kwanta kana ƙauye wajen Inna, sai zaman makoki ka tarar. Aka ce maka zazzaɓi ne, ajali ne. Ajali ne, ban musa ba. Amma ajalin nan a kan kaska ya hau ya zo, kuma akwai hannuna a ciki. Ka karanta har ƙarshe.

Da muka zo Agege a nan Legas ni ban san komai ba. Har yau ma ban iya tsallaka titin bakin layin dogo ni kaɗai ba, sai na riƙe zanen wata. Motocin haya na danfo na ihu, keke na ihu, kowa na magana da yaren da ban ji. Abu ɗaya na gani na ce wannan dai na san shi tun daga gida, shi ne kaska. A garinmu wa ke tsoron kaska? Kaji ke tsince ta a gindin turke, carki ya sauka a bayan saniya ya cinye rabonsa. Mu yara har wasa muke da ita. Sai na ɗauka a duk Legas ita ce kaɗai ba za ta cuce ni ba.

Aikin babanku a kara gyaran dabba ne. In tirela ta sauke, kafin masu saye su zo, shi ne mai wankewa, ya bi kunne da ƙarƙashin wutsiya da hantsa yana tsince kaska, saboda mutanen nan in suka ga ko ɗaya a jikin rago sai su karya kuɗin. Da hannu yake yi. Ya cizge ta, ya sa ta tsakanin farce biyu, ɗas, jini ya fantsama, ya goge a wando, ya kama ta gaba. Duk haka suke yi. Har gasa suke wa ya fi sauri. Ya dawo gida farcensa baƙi ƙirin da busasshen jini, ya ce, "Ke kawo ruwa kaɗan, yunwa nake ji," ya ɗauraye yatsu sama-sama ya sa a kwano.

Ni kuma bayan magariba in ya cire riga sai in duba masa baya, kamar yadda na ga Inna na yi wa Baba. In na samu sai in cire in fasa da farcena, wai don kada ta koma. Ina jin daɗi ma, ina ganin hidimar miji nake. Ran nan na ga wata a hammatarsa, ta sha ta ƙoshi ta yi kamar ƙwayar wake. Na ja ta ƙi. Na ɗiga mata kananzir ta ƙi. Na kyasta ashana na kashe na ɗora mata bakin mai zafi, sannan na matse ta na murɗe, ta fashe a jikinsa, kan ya tsaya a ciki. Yana dariya yana cewa, "Yau kin samu nama, sai ki sa mana a miya." Ni ma ina dariya. Daga baya likita ta ce duk abin da na yi ɗin nan, babu ɗaya da ya kamata. In ka ƙona ta ko ka matse ta, abin da ke cikinta take amayarwa a cikin mutum.

To ka ji na farko. Kada ka fasa kaska da hannu, ko ta jikinka ko ta jikin dabba, ko duk kara za su taru su yi maka dariya. Na sa maka matsefata a aljihun jakarka na ciki, irin ta cire ƙaya. Ka kama ta daga kai, dab da fata, ba daga cikin ba, ka ja a hankali a miƙe, ban da murɗawa. Ban da kananzir, ban da wuta, ban da man shanu, ban da toka. In ta fito ka jefa ta a wuta ko a kwalba mai murfi, ka wanke wurin da sabulu, ka wanke hannu. Kuma ka riƙe ranar a ranka, ka ce ran kaza kaska ta cije ni a wuri kaza. Za ta yi maka amfani.

Na biyu kuma kunya ce ta ja min. Gidan hayar nan ka ga yadda yake, ɗakuna na kallon juna, igiyar shanya ɗaya, famfo ɗaya. Da farko a waje nake kakkaɓe kayan aikin babanku in wanke. Sai ran nan Iya Bose, maƙwabciyarmu mai sayar da burodi, ta ga kaska na tafiya a kan zanenta a igiya. Ta ɗaga shi sama tana kiran mutanen gida da Yarabanci, sannan ta juyo da guntuwar Hausarta, ta kira ni matar Malam da yarensu, ta ce, "Iyawo Mala! Kai da saniya ɗaki ɗaya? Wanka babu? Sabulu babu?" Matan gida suka fashe da dariya, har yara. Ni ban da bakin ramawa. Na kwashe kayan na shige ɗaki, na yi kuka na ƙoshi. Daga ranar na daina fitar da su. In ya dawo sai in cusa su a ƙarƙashin gado, sai ranar da gida ya yi shiru in wanke a ɓoye. Wato na ɗauko su daga inda rana za ta kashe su na kai su inda muke kwana, inda ƙanwarka Ummi ke rarrafe. Allah ne kawai Ya tsare yarinyar nan.

Matar nan bakinta ba daɗi, amma gaskiya ta faɗa, ni ce na ji zagin ban ji gaskiyar ba. Kai kada ka yi haka. Kayan da ka shiga cikin shanu da su, kada ka kwana da su, kada ka yi matashi da su. In kun yada zango ka cire, ka kakkaɓe nesa da inda za ka kwanta, ka shanya a rana. Ka sa wando mai haske don ka gan ta tana hawa, ka cusa ƙafar wandon cikin safa, ko za su ce ka zama ɗan sanda. Kada ka kwanta a kan harawa ko ciyawar da aka shimfiɗa wa dabbobi, na san da taushi, na san za ka gaji. Kullum kafin ka kwanta ka duba kanka: bayan kunne, cikin gashi, hammata, cibiya, inda tazuge ke zama, matsematsi, bayan gwiwa. Ka ga yau na faɗa maka wuraren da uwa ba ta ambata wa ɗanta. Cizonta ba zafi, shi ya sa sai an duba. Wata ƙarama ce kamar ƙwayar riɗi. Bayanka kuma ka samu wanda ka yarda da shi ya duba maka, kai ma ka duba masa.

Ba a daɗe ba da ta hammatar nan zazzaɓi ya rufe shi, farat ɗaya, yana cikin alwala. Kai kamar zai tsage, baya da cinyoyi kamar an yi masa duka, idanu jajur, ba ya son haske. Na ruga wajen mai kemis na bakin layi. Bai gan shi ba ma, ni kawai ya gani. Ya ce, "Maleriya da taifot ne, duk garin shi ake yi," ya ƙulla min magani kala-kala a leda, har da na ciwon jiki mai ƙarfi, wanda daga baya aka ce min irinsa yana ƙara wa mai zubar jini zuba. Na ba shi da hannuna, ina ce masa daure ka haɗiye.

Baffanka ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, ko takalmi bai cire ba. Lokacin Babbar Sallah ta matso, raguna sun cika kara. Ya ce, "Yaya, wai kai ne kwance da rana tsaka kamar mai jego? Kasuwa na ci, ka bar ni da yara marasa hankali. Zazzaɓi ai in ka kwanta masa shi ma kwanta maka yake." Babanku ya yunƙura ya sa riga. Na san bai isa tafiya ba. Ban hana shi ba, don kada a ce matar Malam ce ke juya shi. A keke aka dawo da shi kafin la'asar.

Zazzaɓi ba iri ɗaya ba ne, ko da duk Legas sun ce ɗaya ne. Mai aikin dabba in ya yi zazzaɓi, musamman in ya san kaska ta taɓa shi kwanan nan, asibiti zai je a ɗebi jininsa, ba kemis ba. In ka ga inda ta cije ka ya yi baƙin ɓawo, ko ƙuraje sun feso maka, ko ka sha maganin maleriya bai sauka ba, kada ka ƙara wani a kai. An ce min cutar kaska kala-kala ce, wasu suna jin magani sarai in an je da wuri. Da wurin nan shi ne muka rasa.

Sai haɓo ya ɓalle masa. Na toshe da auduga ta jiƙe, na sa gefen mayafina ya jiƙe. Dasashinsa ma na jini, jikinsa ya yi tabo-tabo baƙi kamar wanda aka tsunkula. Da hannuna nake sharewa, ba leda ba komai. Baffanka da ya gani sai ya ce, "Wannan ba na asibiti ba ne. Jifa ne. Na san wanda ya yi, tun ranar da muka ƙwace masa ciniki yake hararar mu." Aka kawo hayaƙi, aka kawo na shafawa. Ni ban raina addu'a ba, har gobe ita ce makamina. Amma addu'a ba ta hana hawa keke a je asibiti, mu ne muka hana kanmu. Sai da Hajiya Rami ta shigo, maƙwabciyarmu ta ɗakin farko, haifaffiyar nan Agege, ta ga kwanon jinin, ta ce, "Ku mahaukatan ina ne? Oya, maza ku ɗauke shi! Ilu, in ka ƙara ce min jifa sai na jefe ka da murhun nan." Ita ta tare mota, ita ta yi mana tafinta.

Yanzu ga wanda ya fi ci na, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kai.

Likitar mace ce, ba ta girme ni ba. Ɗakin cike da mutane, gado kusa da gado, kowa na kallon mu. Ta tambaya da Turanci, Hajiya ta juya mana: "Ta ce mene ne aikinsa?" Baffanka ya gyara hula ya ce, "Ɗan kasuwa ne." Ba ƙarya ya yi ba, amma ba gaskiya ya faɗa ba. Sai ta kalle ni. Hajiya ta ce, "Ke take tambaya, ke ce matarsa. Wani abu ya cije shi kwanan nan? Ƙwaro, ɓera, ko wani abu?" Wallahi kaskar nan ta zo min har bakina. Na ga hammatar, na ga ashanar. Sai na ji muryar Iya Bose a kunnena, wanka babu, sabulu babu. Na ce a raina yanzu in na faɗa, Hajiya za ta maimaita da ƙarfi da Turanci, duk ɗakin nan su ji cewa Bahaushiya ta bar mijinta da kaska a jiki kamar kare. Na sunkuyar da kai na ce, "Sauro ne kawai."

Suka sa masa ƙarin ruwa, suka bi ta maleriya, suka bi ta wasu cututtukan, suna ta nema a inda babu. Sai washegari wata nas tana juya shi za ta canza masa zane ta ga wata kaskar a bayan gwiwarsa, a maƙale, tana ta sha. Nan take wuri ya canza. Aka sa safar hannu, aka rufe fuska, aka tura gadonsa wani ɗaki shi kaɗai, aka hana mu shiga. Likitar ta fito ta same ni a baranda. Ba ta yi min tsawa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta yi magana a hankali, Hajiya na juyawa: "Ta ce ba ta ce lalle da ya tashi ba, wannan cutar mai tsanani ce, rai na Allah ne. Amma da kin faɗa jiya, da tun jiya sun san inda suka dosa. Kuma ta ce 'yan aikinta sun taɓa jininsa ba su sani ba, su ma suna da 'ya'ya."

Ta taga na yi masa kallon ƙarshe. Ban riƙe hannunsa ba, ban ce masa ya yafe min ba. Ko wankan gawa ba a bar 'yan'uwa sun yi yadda aka saba ba, masu safar hannu ne suka shirya shi. Sakamakon jinin ma sai bayan an rufe shi ya fito, ya nuna abin da likitar ta zata, cutar kaska ce mai sa zubar jini.

Na shiga takaba ana zuwa ana auna zafin jikina ni da Ummi, ko mun ɗauka, don an ce jinin mai cutar ma yana ba wanda ya taɓa. Allah bai nufa ba. Matan 'yan kara da muke suna da biki tare, daga bakin get suke aiko da gaisuwa. Baffanka ma a titi yake tsayawa. Ka san wa ke ajiye min burodi da ruwan zafi a bakin ƙofa kowace safiya? Iya Bose. Ta ƙwanƙwasa ta ce, "Iyawo Mala, ci abinci, kai ba mutu." Ni har yau ban gane garin nan ba. Wadda ta sa na yi ƙarya ita ce ta ciyar da ni.

Saboda haka in Allah Ya kai ka gaban likita, ko a Ilori ne ko a Kwantagora ko a ina, tun kafin ya tambaye ka ka ce: da shanu nake aiki, kaska ta cije ni, na taɓa jinin dabba. In ba ya jin Hausa ka nemo mai juyawa, in babu ka nuna da hannu, ka yi kukan saniya in ta kama. Su yi dariya. Dariya ba ta kai kowa kabari ba, shiruna ya kai.

Akwai kuma abin da likitar ta faɗa da ya ɗaure min kai. Ta ce saniyar da ke ɗauke da abin nan lafiyarta ƙalau, tana ci tana tuƙa, ba mai ganewa, sai ya shiga mutum yake zama cuta. To ku a hanya in dabba ta faɗi ta ƙi tashi, na san sauri ake a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. In kai aka ce ka riƙe, ka sa leda a hannu biyu, ka kau da fuska, in kana da ciwo a hannu ka ɗaure shi tukuna. Kada ka riƙe wuƙa mai jini da haƙori kamar yadda suke yi. Kada ka ci komai sai ka wanke da sabulu, na sa maka guda a jakar. Maganin feshin kaska kuma na dabba ne, kada wani ya ce ka shafa a jikinka, guba ne. Kuma in abokin tafiyarka ya yi zazzaɓi da haɓo, ka taimake shi, amma ba da hannu tsirara ba.

Jiya na aje kunya na je kara da kaina, karo na farko, Hajiya ta raka ni. Na sami Baffanka a kan benci yana shan shayi. Na durƙusa na gaishe shi na ce, "Baffan yara, a bar yaron nan ya koyi ɗinki ko gyaran keke mana." Ya kalli na kusa da shi ya ce, "Kun ji fa. Likitocin Legas sun cika mata kai. Kaska! Mu da aka haifa a gindin saniya, kakanmu da ita ya tsufa har haƙoransa suka zube. Yaya kwanansa ne ya ƙare." Yana maganar nan ya miƙa hannu ya cizgo ɗaya daga kunnen ragon da ke ɗaure a gefensa, ya fasa ta a gabana, ya goge a benci, ya ɗauki burodinsa. Ya ce, "Ga ta nan, ta kashe ni. In kuma kina da abin ciyar da su, ki riƙe ɗanki." Ba ni da shi. Ƙosan da nake soyawa a bakin layi bai kai mu ko'ina ba, kai ma ka sani, shi ya sa ka ce za ka je. Na tashi na karkaɗe zanena muka taho.

To da wannan mutumin za ka yi tafiya. Ka girmama shi, ƙanin ubanka ne, ka ɗauki butarsa, kada ka ɗaga masa murya. Ya san hanya, ya san shanu, ka koya. Amma a kan jikinka ba shi da iko. Ranar da ka ji zazzaɓi a saman motar nan zai ce maka daure, saura kaɗan mu isa, wa zai tashi shanun. Zai kira ka rago, zai ce ɗan mace. Ka sauka a gari na farko mai asibiti. Shanun suna da mai su, in ɗaya ta mutu zai sayi wata a kasuwa mai zuwa.

Ban taɓa ɗora maka komai ba tun da na haife ka. Duk abin da ka yi min, wanda na sani da wanda ban sani ba, na yafe duniya da lahira. Guda ɗaya ne ban yafe ba: in ka ji ciwo ka ɓoye don kada a yi maka dariya. Wannan in ka yi, ban yafe ba.

Allah Ya kiyaye ka daga abin da ke tafiya a ƙasa da wanda ke maƙale a jiki, Ya kiyaye ku daga sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Allah Ya jiƙan babanku, Ya sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo min da kai lafiya. Amin.

Ni ce mahaifiyarka,
daga Agege.